Bitamin A da mai ciki: yadda sinadari ɗaya yake gina tayi kuma yake nakasa shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko a yankin Yamaltu Deba, jihar Gombe. A makon lafiyar mata da yara muna ɗiga wa yara jan kafso na bitamin A, amma an gargaɗe mu kada mu kuskura mu ba mai ciki. Ga shi kuma na karanta cewa idan babu bitamin A haihuwa ba ta yiwuwa. Ta yaya abu ɗaya zai zama haka? Sannan mata da yawa a nan suna aiki a gonakin rani na Dadin Kowa inda ake feshi, wasu kuma suna shafa mayukan gyaran fata. Shin gwajin da ake yi wa waɗannan kayayyaki yana duba wannan ɓangaren?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Gargaɗin da aka yi muku daidai ne, abin da kika karanta ma daidai ne. Abin da ya haɗa su shi ne, a jikin tayi bitamin A umarni yake bayarwa, shi kuwa umarni yana da wurinsa da lokacinsa.

Bitamin A sunan dangi ne, ana kiran dangin gaba ɗaya retinoyid. Wanda ke yawo a jini shi ne retinol. Hanta ce rumbunsa, tana iya ajiye na watanni, tana sakinsa kaɗan-kaɗan a kan wani furotin mai suna RBP4. Retinol da kansa ba ya yin wani aikin kirki a harkar haihuwa. Sai ya shiga ƙwayar halitta an juya shi sau biyu. Enzayim, wato furotin mai juya sinadari zuwa wani, mai suna RDH10 ya mayar da shi retinal, wanda ido ke amfani da shi wajen gani da dare, shi ya sa rashinsa ke kawo dundumi. Daga nan enzayim na dangin ALDH1A su mayar da retinal ya zama asid ɗin retinoyik. Juyi na biyun nan ba ya komawa baya. Asid ɗin yana shiga cibiyar ƙwayar halitta ya kama masu karɓarsa, RAR da abokin aikinsa RXR, kowanne iri uku, su kuma su kunna ko su kashe ɗaruruwan ƙwayoyin gado. Daga cikinsu akwai dangin Hox, masu faɗa wa kowane yanki na tayi abin da zai zama: nan wuya, nan ƙirji, nan ƙugu. Da ya gama aiki, enzayim na dangin CYP26 su rusa shi.

Tunda kina kusa da Dadin Kowa, ɗauki misalin fadamar shinkafa. ALDH1A shi ne injin ban ruwa, CYP26 shi ne magudana. Tayi yana buƙatar wani fegi ya jiƙe, na kusa da shi ya kasance a bushe, a rana kaza. Gona tana lalacewa idan injin ya mutu, tana lalacewa idan aka sako ruwa fiye da kima, tana kuma lalacewa idan aka toshe magudana ko da ba a ƙara ko guga ɗaya ba. Riƙe wannan na ukun, za mu dawo kansa a maganar feshi.

Illar rashi aka fara gani. A 1925 Wolbach da Howe sun nuna cewa ɓerayen da aka hana bitamin A marainansu suna lalacewa. A 1933 Fred Hale a Teksas ya ba da rahoton wata aladiya da aka hana ta bitamin A ta haifi 'ya'ya babu ƙwayar ido ko ɗaya. Shekara 20 bayan haka, a 1953, Cohlan ya ɗura wa ɓeraye masu ciki bitamin A mai yawa, 'ya'yan suka fito da nakasar kai da fuska. Abin lura shi ne gaɓoɓin da rashi ke taɓawa kusan su ne yawa ke taɓawa: ido, kunne, zuciya, manyan jijiyoyin da ke fita daga zuciya, ƙwaƙwalwa ta baya.

A wajen namiji maganar ta fi fitowa fili. A cikin bututun maraina akwai ƙwayoyin asali da ke zaune suna jiran izini. Asid ɗin retinoyik ne izinin. Ba ya zuwa a kwarare, zuwa yake bugu-bugu: a ƙaramin ɓera kowane kwana 8.6, zagayen mutum kuwa kwana 16 ne. Kowane bugu yana tura sabon rukuni su kama hanyar zama maniyyi, tafiyar da ke ɗaukar kimanin kwana 74 a mutum, 61 a bijimi. Shi ne kuma ke sa a saki waɗanda suka nuna. Idan aka hana ɓera bitamin A sai layin ya tsaya cak a matakin farko, idan aka mayar masa sai duka bututun su tashi lokaci ɗaya kamar an buga ƙararrawa.

An ga wannan a jikin mutane ma, ta hanyar da yau ba za a yarda da ita ba. A wajajen 1960 an gwada wani sinadari mai suna WIN 18,446 a kan fursunoni a jihar Oregon ta Amurka. Maniyyinsu ya ragu ƙwarai, da aka daina kuma ya dawo. An watsar da shi ne saboda duk wanda ya sha giya a kansa sai ya kama amai da bugun zuciya. Sai bayan shekaru kusan 50 aka gano dalili: yana toshe ALDH1A2, injin da ke samar da asid ɗin a maraina, tare da ɗan'uwansa da ke narkar da giya a hanta. Yanzu an koma kan wannan hanya da gangan. Wani maganin tazarar haihuwa na maza, YCT-529, wanda ke toshe RAR nau'in alfa, ya shiga gwaji a kan mutane a Birtaniya a ƙarshen 2023.

A wajen mace abin yana faruwa tun tana cikin mahaifiyarta. Ƙwayayen da za ta yi haihuwa da su suna fara rabuwar da ke rage kromosom daga 46 zuwa 23 tun wajen ƙarshen wata na uku na cikin da aka ɗauke ta. A 2006 ƙungiyar Peter Koopman a Ostireliya da ta David Page a Amurka sun nuna a ɓeraye cewa asid ɗin retinoyik yana kunna ƙwayar gado Stra8 a gidan ƙwan tayi mace, a tayi namiji kuwa CYP26B1 yana rusa asid ɗin don kada rabuwar ta fara kafin lokacinta. A 2020 wasu bincike biyu daga Faransa sun nuna cewa a ɓera mace rabuwar tana iya farawa ko an cire masu karɓar asid ɗin ko enzayim ɗin da ke ƙera shi, don haka masana suna jayayya a kan ko shi kaɗai ne mabuɗin. Ɓangaren namiji babu wannan jayayya: idan aka cire CYP26B1, ƙwayoyin tayi namiji suna shiga rabuwar ba lokacinta ba, da yawa su mutu. Ma'anar wannan ga aikinki ita ce abin da ya taɓa mai ciki yana iya taɓa haihuwar ɗan da ke cikinta, a ga sakamakon bayan shekara 20.

Yanzu ga lissafin kafso, da ma'aunin IU da ake auna adadin bitamin da shi. Shuɗi IU 100,000 ne, na jariri ɗan wata 6 zuwa 11. Ja IU 200,000 ne, na ɗan wata 12 zuwa 59, duk bayan wata 4 zuwa 6. Mai ciki kuwa buƙatarta ta yini kimanin maikirogiram 770 ce, wato IU 2,600 ko kusa da haka. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mata ita ce IU 10,000 a rana ko IU 25,000 a mako. Jan kafso ɗaya ya ninka iyakar yini sau 20. Adadin 10,000 ɗin yana da tushe: binciken Rothman da abokansa a 1995, a kan mata fiye da 22,000 a Amurka, ya sami ƙaruwar nakasa ga masu shan ƙwayoyin bitamin A sama da wannan adadi, musamman kafin mako na 7. Lokacin da ya fi haɗari shi ne mako na 3 zuwa na 8 bayan shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar da ɓatan wata ba. Saboda haka tambayar "kina da ciki?" ba ta wadatar. Ki tambayi ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe.

Wannan ne ma dalilin da ya sa a tsohon tsari ake ba mai jego jan kafso cikin mako 6 zuwa 8 da haihuwa kawai, kusan kwanakin arba'in, don a lokacin da wuya a ce sabon ciki ya shiga. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da shawarar wannan, saboda bincike bai nuna yana rage mutuwar uwa ko jariri ba. Mai ciki da ke fama da dundumi ana ba ta IU 5,000 zuwa 10,000 a rana na aƙalla mako 4, ko 25,000 sau ɗaya a mako. Inda kawai ake ba ta babban adadin shi ne idan baƙin ido ya fara gyambo ana tsoron makanta, wannan kuma hukuncin likita ne. Idan kuskure ya faru aka ba wadda daga baya aka gane tana da ciki, ki rubuta ranar da adadin da ranar al'adarta ta ƙarshe, ki tura ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a shirya mata hoton ciki na duba gaɓoɓi tsakanin mako 18 da 22.

A abinci, hanta ce kaɗai abin lura. Giram 100 na hantar sa yana ɗauke da sama da IU 15,000, wani lokaci ninkin haka, gwargwadon abin da dabbar ta ci. Birtaniya tun 1990 take ce wa masu ciki su bar ta. A nan, inda ake cusa wa mai ciki hanta da sunan ƙarin jini, ra'ayinmu shi ne a wata ukun farko a bar ta, bayan haka ɗan yanki jefi-jefi ba abin tayar da hankali ba ne, amma ba tsiren hanta kullum da yamma ba. Manja, karas, zogale, alayyahu, kabewa, gwanda, mangwaro da dankali mai jan ciki ba su da wannan matsala, domin karotin suke ɗauke da shi, wato sinadarin tsirrai da jiki ke mayarwa bitamin A, hanji kuma yana rage juya shi zuwa retinol da zarar jiki ya ƙoshi. Man girki da sukari da fulawa masu tambarin ido, waɗanda Najeriya ta wajabta ƙara musu bitamin A tun 2002, adadinsu kaɗan ne, ba ya kusantar iyaka. A ƙauyukanmu dai rashi ya fi yawa zama matsala a kan yawa. Makiyaya ma suna ganin haka a ƙarshen rani, idan ciyawa ta bushe karotin ɗinta ya tafi: shanu su kama dundumi, a haifi maruƙa raunana, mabiyiya ta ƙi faɗowa.

Maganin da ya fi ba mu tsoro shi ne isotretinoin, ƙwayar kurajen fuska masu tsanani, wadda aka fara sayarwa a Amurka a 1982. A 1985 Lammer da abokansa sun bi diddigin ciki 154 da aka sha maganin a kansu: 95 an zubar, 12 sun ɓare, 26 an haife su babu babbar nakasa, 21 an haife su da nakasa. Ƙaramin kunne ko babu kunnen, tsagewar rufin baki, ciwon zuciya, ruwa a kai. Ƙa'idarsa ita ce gwajin ciki kafin a fara da kowane wata, da tazarar haihuwa mai ƙarfi tun wata ɗaya kafin a fara har wata ɗaya bayan an daina, kuma mai shan sa ba ya ba da jini. Ɗan'uwansa acitretin sai an jira shekara 3 bayan dainawa. Wannan ba maganin da za a saya a kemis ba ne don ƙawa ta ce ya yi mata aiki. Na shafawa, wato tretinoin, adapalene da tazarotene, kaɗan ne ke ratsa fata ya shiga jini, amma Tarayyar Turai ta hana masu ciki da masu neman ciki amfani da su tun 2018. Ki koya wa mata su duba waɗannan sunaye a jikin kwali, har da retinol da retinyl palmitate. Man haɗi da ake durawa a roba babu takarda, ba ki san abin da ke ciki ba, mai ciki ta ajiye shi. Idan kurajen sun dame ta, azelaic acid ko benzoyl peroxide sun wadatar.

Sai maganar gwaji. Tsarin da duniya ke bi yau ya samo asali ne daga bala'in thalidomide, wani magani da masu ciki suka sha, wanda tsakanin 1957 da 1961 ya sa aka haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa. Ƙungiyar OECD, ta haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ce ke rubuta ƙa'idojin, hukumomi irin su NAFDAC kuma suna duba sakamakon da kamfani ya kawo kafin rajista. Ƙa'ida mai lamba 414 ita ce ta nakasar tayi. Ana yin ta a kan ɓera da zomo. Rukuni huɗu, uku a ba su sinadarin a adadi daban-daban, ɗaya a bar shi don kwatance, kowane rukuni da mata masu ciki kimanin 20. Ana ba su kullum daga lokacin da tayi ya manne a mahaifa har jajibirin haihuwa, sannan a buɗe cikin a ƙirga masu rai da matattu da waɗanda suka narke, a auna nauyi. A ɓera rabin 'ya'yan ana rina ƙasusuwansu da jan rini na alizarin a ƙirga haƙarƙari da ƙashin baya, rabin kuma a duba zuciya da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Ƙa'ida mai lamba 443, ta 2011, tana bin 'ya'yan har su balaga, a duba maniyyi da gidan ƙwai da ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki. Daga nan a ɗauki adadi mafi girma da bai yi illa ba, a raba shi da 100, goma don bambancin dabba da mutum, goma don bambancin mutum da mutum. Abin da ya fito shi ne iyakar da aka yarda mutum ya ci a rana.

Waɗannan gwaje-gwaje suna ganin ɓarna, amma ba sa faɗar ta ina ta biyo. Ba a auna asid ɗin retinoyik a cikinsu, ba a auna bitamin A na hanta a matsayin dole. Gwajin sinadarai masu dagula homon an gina shi ne a kan abubuwa huɗu: istirojin (homon ɗin mace), andirojin (homon ɗin namiji), homon ɗin maƙoshi, da yadda jiki ke ƙera homon ɗin jinsi. Hanyar retinoyid ba ta ciki. Ƙasashen arewacin Turai sun fitar da rahoto a kan wannan giɓi a 2020, OECD ta biyo da nata dogon nazari a 2021.

Giɓin yana da gaske, saboda dalilai uku da ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko bambancin jinsi: ƙaramin ɓera sai an ba shi isotretinoin kusan ninki 100 na abin da ke nakasa ɗan mutum kafin a ga illa, domin yana saurin fitar da shi kuma kaɗan ke ratsa mabiyiyarsa. Na biyu, ɓera namiji yana iya rasa mafi yawan maniyyinsa ya ci gaba da ba da ciki, don haka ƙirga haihuwa kawai yaudara ce, sai an yanka maraina an duba bututun mataki-mataki, kuma an ba shi sinadarin mako 10 kafin barbara don a rufe zagayen gaba ɗaya. Na uku shi ya fi shafarmu: ɓeran ɗakin gwaji a ƙoshe yake da bitamin A, hantarsa cike. Matar da ke dashen shinkafa da ciki na biyar, ga zazzaɓin cizon sauro, ga ƙarancin cima, rumbunta ba haka yake ba. Sinadarin da ke zuƙe bitamin A daga hanta zai fi yi mata illa fiye da yadda takardar gwaji ta nuna.

Irin waɗannan sinadarai an san su. Dayoksin, wanda ke fitowa idan an ƙona robobi da wayoyin lantarki da shara, yana rage bitamin A da ke hantar dabbobin gwaji sosai. Nitrofen, maganin ciyawa da aka janye tun shekarun 1980, yana toshe injin ALDH1A2, 'ya'yan ɓera su fito da ɓula a tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Su kuwa magungunan feshi na cutar fumfuna 'yan dangin azol, masu suna da ke ƙarewa da conazole kamar propiconazole, tebuconazole da hexaconazole, su ne masu toshe magudana. An ƙera su don su kama wani enzayim na fumfuna mai suna CYP51, amma hujjoji sun nuna wasunsu suna kama CYP26 ma, asid ɗin ya taru inda bai kamata ba. Masu bincike a Jami'ar Milan ta Italiya sun reni tayin ɓera a kwalba da irin waɗannan sinadarai, suka ga nakasar muƙamuƙi da fuska irin ta yawan retinoyik, da suka ƙara sinadarin citral mai rage ƙera asid ɗin sai nakasar ta ragu. Tarayyar Turai ta ƙi sabunta rajistar propiconazole a 2018 bayan an sa shi a jerin masu cutar da haihuwa. Fluconazole na asibiti ɗan dangin ne: a 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan shan miligiram 400 zuwa 800 kullum a wata ukun farko. Mai ciki da ke da ƙaiƙayin gaba, clotrimazole na matsi ake ba ta.

Sababbin hanyoyin da ake ginawa suna bin silsilar daga tushe: ƙwayoyin halitta da aka shirya su ba da haske idan sinadari ya kama RAR, gwajin toshe CYP26 da ALDH1A a kwalba, ƙwayoyin asali na tayi, da ƙwan wani ƙaramin kifi mai zane wanda ake ganin gaɓoɓinsa suna fitowa cikin kwana 5. Auna asid ɗin kansa yana da wuya, domin ɗan mitsitsi ne a nama kuma haske yana sauya shi, sai a ƙarƙashin fitila mai ruwan ɗorawa ake aikin. Retinol na jini kuma ba ya nuna komai da wuri, hanta tana riƙe shi daidai har sai rumbun ya kusa ƙarewa kafin ya faɗi ƙasa da maikiromol 0.70 a lita.

Lambar NAFDAC a jikin jarka tana nufin an yi rajistar kayan don a yi amfani da shi yadda takardarsa ta ce, da safar hannu da takunkumi da dogon kaya. Abin da za ki faɗa wa matan gona shi ne mai ciki ko mai neman ciki kada ta dama maganin feshi, kada ta goya famfon feshi, kada ta wanke kayan mai feshi da hannu tsirara ko ta haɗa su da wankin gida, kada ta shiga fegi sai lokacin da takardar ta ƙayyade ya wuce, jarkar kuma ba ta zama ta ruwan sha ko ta man gyaɗa komai wankinta. A jikin takardar ki nuna musu alamar hoton mutum daga ƙirji zuwa kai da farin tauraro a ƙirjinsa, da lamba H360 ko H361. Waɗannan lambobi biyu su ne na sinadarin da ke iya cutar da haihuwa ko ɗan da ke ciki.